Saukar tansiyo lokacin da ake yi wa mai ciwon daji aiki

Jama'a, kowa ya san hawan jini. To, akwai kishiyarsa, wato saukar tansiyo. Ita ce likitoci suke tsaro ƙwarai idan ana yi wa mai ciwon daji aiki.

Zuciya kamar injin ban ruwa take a garka, jijiyoyi kuma su ne tiyo. Idan ruwan rijiya ya ragu, ba ya kaiwa fangalin ƙarshe, sai shuka ta yi yaushi. Haka jikin mutum yake. Tansiyon mai lafiya wajen 12 da 8 ne. Idan lamba ta farko ta sauka ƙasa da 9 kuma ta daɗe a can, jini ba ya isar ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa. Ana iya cire ƙari lafiya, amma ƙoda ta samu illa.

Me yake kawo ta?

Maganin barcin da ake ba marar lafiya yana sa jijiyoyi su saki. Cire babban ƙari kuma yana zubar da jini. Ban da haka, mai ciwon daji yakan zo a rame, jininsa ya ragu, ga rashin ci, ga amai. Waɗansu magungunan hawan jini ma suna ƙara saukar da ita.

Saboda haka akwai ma'aikaci na musamman a wajen kan marar lafiya. Yana auna tansiyo aƙalla kowane minti 5. Da ta sauka, sai ya ƙara ruwa, ko jini, ko ya yi allurar da take tsuke jijiyoyi.

Mu kuma mene ne namu?

1. A nuna wa likita duk maganin da ake sha, har da saiwa da sassaƙe. Ɓoyewa tana da haɗari.
2. Kada a daina maganin hawan jini, sai likita ya ce.
3. A bi dokar barin ci. Galibi awa 6 ne kafin aiki. A tambaya yaushe za a daina shan ruwa.
4. Dangi masu lafiya su ba da jini tun kafin ranar, kada a jira sai an shiga ɗakin aiki.

Abu na ƙarshe: wanda ya ji kullutu a nono, ko ya ga jini yana zuba ba dalili, ya tafi gidan likita da wuri. Ƙaramin ƙari ya fi sauƙin cirewa, kuma jinin da za a yi asara kaɗan ne.