Kiren da wayar wuta: abin da ya kamata ka sani kafin ka matsa ɗaukar bidiyo

Duk wanda ya ratsa Funtuwa ta hanyar Zariya ko ta Gusau ya ga yadda benaye da gidajen mai da rumbunan hatsi ke ta tashi, ga kuma tashar jiragen ruwa ta kan tudu da aka buɗe a 2024. Irin waɗannan ayyuka ba sa yiwuwa sai da motar ɗaga kaya, wato kiren, da tifa da motar haƙa rijiyar burtsatse. Dukkansu suna miƙa ƙarfe sama, inda wayoyin wuta suke.

Wayoyin nan ba irin na cajar wayarka ba ne. Tsirara suke, babu roba. Wutar gida bolt 230 ce, amma layukan da KEDCO ke rabawa cikin gari suna ɗauke da bolt dubu 11 ko dubu 33, babban layin TCN da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau kuwa dubu 132 ne. A irin wannan ƙarfi ba sai hannun kiren ya taɓa waya ba. Idan ya matso sosai, wutar na iya tsallako iska ta kama shi. Shi ya sa ƙa'idar lantarki ta Nijeriya ta ware filin da ba a gini a ciki: mita 5.5 kowane gefe ga layin dubu 11 da dubu 33, mita 15 ga na dubu 132.

Abin mamaki, direban da ke zaune cikin motar ya fi na ƙasa tsira. Wutar tana bin jikin ƙarfe ne ta sauka ƙasa, tayoyi ba sa tare ta. Wanda ke riƙe da sarƙar kaya, ko lebura da ya jingina da motar, shi ne hanya mafi kusa.

Sai kuma 'yan kallo. Da an ji ƙara an ga tartsatsi, matasa kan sheƙo da wayoyi a hannu, kowa na son ya riga wani sakawa a TikTok. Amma ƙasar da ke kewaye da motar ita ma ta ɗauki wuta, ƙarfinta yana raguwa ne yayin da ake nisa. Idan ka yi taku mai faɗi, ƙafa ɗaya tana kan wuta mai ƙarfi, ɗaya kan mai rauni, sai wutar ta hau ta wannan ta sauka ta waccan. Mutum na iya faɗuwa bai taɓa komai ba, musamman da damina, ƙasa jiƙe. Mai ceto ma haka yake zama gawa ta biyu.

Don haka a tsaya aƙalla mita 10 nesa. Direba ya zauna a ciki har ma'aikata su tabbatar an kashe layin. In gobara ta tilasta masa fita, ya yi tsalle da ƙafafu a haɗe, kada ya taɓa mota da ƙasa lokaci guda, sannan ya riƙa jan ƙafa kaɗan-kaɗan ba tare da ɗaga su ba.

"Ai an ɗauke wuta" ba hujja ba ce. Ana iya maido ta kowane lokaci ba sanarwa, kuma janareton da aka haɗa ba daidai ba yana iya tura wuta cikin layi. Manhajojin da ke iƙirarin gano wuta ma kada su ruɗe ka: na'urar maganaɗisun wayarka ta kamfas ce, ba ta auna bolt.

Kafin kiren ya iso, mai gini ya je ofishin KEDCO ya nemi a kashe layin ranar aikin, a kuma ajiye mutum ɗaya wanda aikinsa kawai duban tazarar ƙarfe da waya, domin daga kujerar direba ido ba ya iya auna ta daidai.