Ƙuri'ar Maƙeran Motoci a Kudancin Ƙasar Amurka: Gani Ya Kori Ji

An daɗe ana cewa ƙungiyar ƙwadago ba ta tsira a kudancin ƙasar Amurka, kuma da wannan magana jihohin yankin suka jawo kamfanonin motoci na Jamus da Japan da Koriya ta Kudu. Ƙuri'un baya sun so su gaskata ta. Ma'aikatan Volkswagen na Chattanooga a jihar Tennessee sun ƙi shiga UAW, ƙungiyar maƙeran motoci, a 2014 da 2019, na Nissan a Mississippi ma suka ƙi a 2017. Sai ga shi a Afrilun 2024 ma'aikatan Chattanooga 2,628 sun ce sun yarda, 985 kaɗai suka ƙi. Wannan juyi ya nuna cewa abu biyu ne ke yanke hukunci a irin wannan zaɓe: abin da ma'aikaci ya gani ƙungiya ta samo, da yawan tsoron da aka cusa masa kafin ya shiga rumfar zaɓe.

Abin da suka gani shi ne yajin aikin 2023. Daga 15 ga Satumba, ƙarƙashin shugabancin Shawn Fain, UAW ta yi makonni shida tana tsayar da masana'antun Ford da General Motors da Stellantis ɗaya bayan ɗaya, har ta samo ƙarin albashi na kashi 25 cikin ɗari zuwa 2028. Nan da nan Toyota da Honda da Hyundai, waɗanda ma'aikatansu na Amurka ba su da ƙungiya, suka ƙara albashi ba tare da an tambaye su ba. Wanda ya yini a tsaye yana ɗaura ƙofofin mota, ya koma gida da ciwon kafaɗa, ya ajiye takardar albashinsa kusa da ta takwaransa na Ford, ba ya bukatar wani dogon bayani.

Masu suka za su nuna garin Vance na Alabama, inda bayan wata guda kashi 56 cikin ɗari na ma'aikatan Mercedes-Benz suka ƙi ƙungiyar. Sai dai filin zaɓen biyu ba ɗaya ba ne. Volkswagen ya ja gefe, shi kuwa Mercedes ya riƙa tara ma'aikata a lokacin aiki ana nuna musu illar ƙungiya, ya kuma canza shugaban masana'antar gab da zaɓe don a ba sabon shugaban dama. Gwamnonin jihohi shida ma sun fitar da gargaɗin cewa ƙungiya za ta kori ayyuka. Alhali a Jamus, gidan kamfanonin biyu, doka ta ba wakilan ma'aikata rabin kujerun majalisar da ke sa ido a kan manyan kamfanoni, kuma ba a daina ƙera mota a can ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta almundahana, don tsoffin shugabannin UAW biyu, Dennis Williams da Gary Jones, sun sha ɗauri kan cin amanar ƙungiya. Amma wannan abin kunya ne ya sa 'yan ƙungiya suka karɓi ikon zaɓen shugabanninsu kai tsaye, kuma ta haka Fain ya hau. Ma'aikaci yana da haƙƙin ya ce a'a. Abin da ya wajaba a kan kamfani da gwamna shi ne su bar shi ya kaɗa ƙuri'arsa ba tare da barazana ga abincin iyalinsa ba.