Shebur da Kwanon Kuza: Auna Aiki Dabam, Gyara Shi Dabam

Duk wanda ya ratsa Bukuru ko Barikin Ladi zai ga manyan kududdufai, watau ragowar ramukan kuza. Da yawansu da diga da shebur aka fara haƙa su, leburori na jidar ƙasa a kwano bisa kai, helima na tsaye yana lura. Abin da aka fi damuwa da shi shi ne yawan ƙasar da aka kwashe, ba yadda aka kwashe ta ba.

To, wajen 1899, a masana'antar ƙarfe ta Bethlehem a Amurka, wani injiniya mai suna Frederick Taylor ya tsaya da agogo yana nazarin masu aikin shebur. Ya gano lebura ya fi kwashe kaya a yini idan kowace ɗiba ta kai kimanin laba 21. Sai aka tanadi shebur iri-iri, ƙarami don tama, babba don garin kwal. Mutum wajen 140 suka ɗauke aikin da a da sai 400 zuwa 600. Lalle ƙungiyoyin ƙwadago ba su yaba masa ba, amma dai ya duba kayan aikin kafin ya dubi mai aikin.

A Jos kuwa, da Japan ta raba Ingila da kuzar Malaya a 1942, sai gwamnatin Turawa ta zaɓi ƙara hannuwa. Aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin tilas. Kuza ta ƙaru, amma ba gwargwadon yawan mutanen ba. Sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka hallaka da dama, wasu suka tsere. A 1944 aka soke tsarin.