KURKUM DA CIWON GWIWA: AMFANINSA DA INDA YA TSAYA



Da sanyin hunturu ya shigo, ku lura da tsofaffin gida. Gwiwa ta kumbura, tashi daga tabarma sai an dafa bango. Masu aikin fadama ma sun san wannan ciwo. Shi ya sa tambaya ta yi yawa kan kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, wannan garin mai ruwan ɗorawa da za ku samu wajen masu kayan yaji a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis.

Abin da ke ba shi launi wani sinadari ne mai suna kurkumin, wanda aka fara warewa a Faransa a 1815. Aikinsa shi ne rage saƙonnin da jiki ke aikawa su hura kumburi. A ƙasar Tailan, a 2014, an gwada shi kan mutum 367 masu ciwon gwiwa na tsufa. Wasu sun sha tataccen kurkum miligiram 1,500 kullum, wasu ibuprofen 1,200, tsawon mako huɗu. Sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne, kuma masu kurkum ba su koka da ciwon ciki kamar sauran ba. Ga mai gyambon ciki wanda ya saba da haɗiyar ƙwayoyin kemis, wannan labari ne mai daɗi.

To amma fa tatacce aka gwada. Garin kasuwa kurkumin da ke cikinsa bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba, sai ka sha fiye da cokali goma kafin ka kai wancan awo, kuma ba mu ce a yi haka ba. Ɗan da ya shiga ɗin ma hanji ba ya tsotse shi sosai, hanta kuma ta yi saurin fitar da shi. A Bangalo ta Indiya, a 1998, an ga sinadarin da ke cikin masoro yana ninka abin da ke shiga jini har sau ashirin. Mai ma yana taimakawa. Don haka uwargida, rabin ƙaramin cokali a miya mai man gyaɗa da ɗan masoro, ko a madara mai ɗumi, ya fi a kaɗa shi a ruwan zalla. Kada a sa ran sauƙi cikin kwana biyu, abu ne na makonni.

Masu cewa yana warkar da kansa ko ciwon suga, su ji tsoron Allah. Bincike bai tabbatar da haka ga mutane ba, kuma kada wanda aka ɗora kan maganin asibiti ya ajiye shi.

Mai tsakuwar matsarmama ko ta ƙoda, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da wanda za a yi wa tiyata, su tsaya ga na miya kawai. Haka mai juna biyu. Ƙwayoyin kurkumin na kwalba kuwa sun taɓa hantar mutane a Italiya a 2019, saboda haka mai ciwon hanta ya nisance su. In ido ya yi shawara ko fitsari ya yi duhu, a daina, a je asibiti.

Saura batun dalma. Mu Zamfarawa ba ma buƙatar dogon bayani, mun ga abin da gubarta ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu. A Bangaladash an gano ana zuba wa kurkum rini mai dalma don launinsa ya yi kyau, ido kuma ba ya iya rarrabewa. Ku sayi saiwar, ku wanke, ku kankare bayan, ku shanya, ku daka da kanku a turmi mai tsabta.

Gwiwar da ta yi ja da zafi tare da zazzaɓi, ko ta yaro mai sikila, wannan ba ta kurkum ba ce. A kai shi Babban Asibitin Shinkafi, ko na Zurmi ko Kaura Namoda, a ranar.