Uwar da Ta Saki 'Yarta Ta Tafi Makaranta

Sa'ad da mu ke zagaya ƙungiyoyinmu na manoma da farkon damina, akwai maganar da ba ta taɓa ɓacewa daga bakin mata. Su kan ce, "Malam, in yarinyar nan ta tafi makaranta, wa zai ɗebo mini ruwa, wa zai riƙe mini ƙaninta in yi noma?" Ba ma iya yi musu gardama, gama gaskiya su ke faɗa. Hannun 'yar fari a gidan manomi ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka a wannan fitowa mun ga ya kamata mu ba ku labarin wata uwa manomiya a ƙasar Kenya wadda ta tsaya a kan wannan mararraba, da kuma yadda 'yarta ta riƙe alherin nan har ƙarshen ranta.

Sunan 'yar Wangari Maathai. An haife ta a shekara ta 1940 a ƙauyen Ihithe, cikin tuddan Nyeri, inda a ke hango Dutsen Kenya. Sunan uwarta Lydia Wanjiru. Uban yana aikin tuƙi da gyaran mota a gonar wani Bature kusa da Nakuru, can kuwa Wangari ta yi wayo. Uwar ba ta iya karatu da rubutu ba, amma ta san ƙasa. Tun yarinyar tana ƙarama ta yanka mata wani ɗan fili a tsakiyar gonarta, ta ce wannan naki ne. Wangari ta shuka dankali da wake da masara da gero. A cikin littafin tarihin rayuwarta mai suna Unbowed, wanda ya fito a 2006, ta ba da labarin yadda gajen haƙuri ya kan sa ta tone irin da ta binne don ta ga ko ya soma tsiro, uwar kuwa ta hana ta, ta koya mata ta bar iri ya yi aikinsa a cikin ƙasa. Mu da mu ke yawo da littafin koyar da noma a jaka, mun san darasin nan ya fi rabin abin da ke cikin jakarmu.

A 1947 uwar ta koma Ihithe da ita, domin ta kula da 'ya'yanta maza biyu da su ke makaranta a can. Wangari ita ce babbar 'ya mace, don haka ita ce hannun daman uwarta wajen ruwa da itacen wuta da gona. Wata rana wanta, Nderitu, ya tambayi uwar dalilin da ya sa ƙanwarsa ba ta zuwa makaranta kamar su. A zamanin nan ba mai ganin laifin uwa in ta ce aiki ya yi mata yawa. Ba ta ce haka ba. Ta yarda. Wangari ta shiga makarantar firamare tana da shekara 8, sa'an nan tana da shekara 11 ta tafi makarantar kwana ta mishan a Mathari. Ku tsaya ku auna: kowace tulun ruwa da yarinyar ta daina ɗaukowa, a kan wa ya koma? A kan uwar. Ga shi kuma daga 1952 ƙasar ta shiga tashin hankalin Mau Mau, gwamnatin Turawa ta tattara mutanen ƙauyuka cikin unguwannin da a ke tsaro, uwar tana cikinsu.

Sauran karatun ba sai mun daɗe a kansa ba. Ta tafi Amurka a 1960, ta komo a 1966, a 1971 kuma ta sami digirin dokta a Jami'ar Nairobi, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a gabashi da tsakiyar Afirka.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, duk da wannan ilmi, koyarwar da ta gina aikinta a kai ta uwarta ce. Kusa da gidansu akwai wani babban itace da Kikuyawa ke kira mugumo, dangin ɓaure da cediyarmu ne. Uwar ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta tsinci ko busasshen reshe daga gindinsa, domin itacen Allah ne, ba a sare shi, ba a ƙona shi. Kusa da itacen kuwa akwai maɓuɓɓuga, ruwanta yana gangarawa ya zama ɗan rafi. Nan Wangari ta kan ɗebo wa uwarta ruwa, ta yi wasa a ƙarƙashin ganyen gwaza, tana ƙoƙarin kwasar ƙwan kwaɗi don ta ga kamar tsakiya ce ta wuya, yana zame mata daga hannu. Bayan shekaru ta komo ta tarar an sare itacen domin a shuka ganyen shayi, rafin kuma ya ƙafe. Sai ilmin makaranta ya fassara mata abin da uwarta ta riƙe ba tare da littafi ba: saiwoyin irin waɗannan itatuwa suna riƙe ƙasar gangare, inuwarsu da ganyen da su ke zubarwa suna sa ruwan sama ya nutse maimakon ya kwashe ƙasa ya gudu. A nan ma za mu ɗan ja kunnen kanmu, mu malaman gona. Sau nawa tsohuwa ta ce kada a taɓa itacen bakin rafi, mu ka yi murmushi mu ka ce camfi ne?

A 1977 Wangari ta kafa ƙungiyar dasa itatuwa da a ka sani da Green Belt Movement. Ran 5 ga Yuni na shekarar su ka dasa itace 7 a wani fili a Nairobi, daga nan aikin ya bazu zuwa ƙauyuka. Ma'aikatan gandun daji sun ɗauka sai mai takardar shaida zai iya renon dashe. Ita kuwa ta san matan da ta ke magana da su, gama irin uwarta ne: wadda ta iya shuka wake ta iya shuka itace. Matan su ka riƙa tsinto iri daga daji, suna reno a fasassun tukwane da gwangwanaye, a na biyansu ɗan kuɗi kaɗan a kan kowane dashen da ya rayu, ba wanda a ka binne kawai ba. Wannan ƙa'ida ta biya sai dashe ya kama, ƙungiyoyinmu za su iya duba ta. Zuwa 2004 an lasafta sun dasa itace fiye da miliyan 30.

Hanyar ba ta yi mata sauƙi ba. Aurenta ya mutu, gwamnatin Shugaba Moi ta tsare ta, 'yan sanda sun doke ta har ta suma a 1992, lokacin da ta zauna tare da waɗansu iyaye mata da ke neman a saki 'ya'yansu daga kurkuku. A duk wannan, inda ta ke magana a kan uwarta a littafin nan, ba ƙorafi ko ɗaya, sai yabon haƙurinta da natsuwarta da aikinta.

Lydia Wanjiru ta rasu a shekara ta 2000. Ba ta ga ranar da a ka ba 'yarta lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004 ba, mace ta farko daga Afirka da ta samu. Labarin ya iske Wangari a hanyar Nyeri, ƙasar uwarta, nan take kuwa ta durƙusa ta dasa itace. A watan Disamba, a birnin Oslo, gaban manyan duniya, da ta zo ƙarshen jawabinta sai ta koma kan rafin nan da ta ke ɗebo wa uwarta ruwa, ta gaya musu yanzu ya ƙafe, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa. Ita ma ta rasu a watan Satumba na 2011, tana da shekara 71.