Daren Da Na Kwana A Wasan Fela A Ikeja

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shekara da shekaru ina zaune a Agege ina jin labarin wani wasa da ake yi a Ikeja kowane watan Oktoba, wanda akan yi mako guda ana kiɗa da rawa tun daga almuru har gari ya waye. Waɗansu 'yan'uwanmu sun ce taron 'yan iska ne kurum. Waɗansu kuwa, musamman masu shayi da masu tsire, sun ce duk shekara ba su da kasuwa kamar ta wannan mako. Da na ga magana ta rabu biyu, sai na ce bari in je da ƙafata. Ranar Asabar ta makon wasan na 2023 ce na yi sallar lisha, na hau mota ta Ogba, na sauka Agidingbi, kusa da Alausa inda Sakatariyar Gwamnatin Jihar Ikko take.

Sunan wasan Felabration. Yeni, babbar 'yar marigayi Fela Anikulapo-Kuti, ita ta soma shi a 1998, shekara guda bayan mutuwar uban, kuma ana yin sa ne a makon da ranar haihuwarsa ta faɗo, watau 15 ga Oktoba. Gidan wasan, wanda suke kira New Afrika Shrine, wata makekiyar rumfa ce da Yeni da ƙanenta Femi suka buɗe a shekarar 2000. To amma a wannan mako rumfar ba ta ɗaukar jama'a, saboda haka titin da ke gabanta shi ma yakan zama filin wasa.

Tun daga nesa nake jin ganga tana dukan ƙirjina. Titi ya cika maƙil, ga samari da 'yan mata, ga dattawa masu furfura waɗanda suka ga Fela da idonsu, ga Turawa sun yi sharkaf da gumi. A gefen hanya kuwa, wa zan gani? Mutanenmu ne jere, kowa da fitilarsa. Wannan yana fifita wutar tsire, wancan yana soya ƙwai, ga mai goro da sigari ya rungume tirensa. In ka rufe ido ka saurari cinikin da ake yi, sai ka ce a tashar Agege kake.

Kafin ƙarfe goma sha biyu, ƙananan mawaƙa ne ke hawa suna sauka, kowa minti kaɗan. Wanda ya zo da wuri ya gaji da wuri ya yi asara, gama manyan ba su fitowa sai dare ya raba. Wajen ƙarfe biyu aka soma kiɗan da na zo dominsa, wanda suke kira Afrobeat. Ga yadda yake: mai ganguna ya kafa kiɗa, mai jita ya kama wata 'yar gajeriyar karya ya yi ta maimaita ta ba canji, mai caki ya bi, sa'an nan masu ƙahonni su busa gaba ɗaya kamar ana shelar fitowar sarki. Sai an yi minti goma ana haka kafin mawaƙi ya buɗe baki, 'yan amshi mata su karɓa. Waƙa ɗaya takan ci rabin sa'a. Duk wanda ya taɓa kwana a gaban kalangun marigayi Alhaji Mamman Shata, ko ya yi kalankuwa a ƙauyensu bayan kaka, ba zai ji baƙon abu ba. Mawaƙi ya bayar, 'yan amshi su karɓa, makaɗi ya riƙe, haka ake yi har asuba.

Da ƙafafuna suka gaji na fito na zauna a bencin wani mai shayi, mutumin ƙasar Sakkwato. Ya ce mini shekararsa biyar yana kafa tebur a wajen, kuma a daren wasa har burodi ya ƙare masa bai runtsa ba. Na tambaye shi ko ya san wanda ake wannan taro dominsa. Ya ce iyakar saninsa wani mawaƙin Yarbawa ne mai mata da yawa. Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin labarin ya fi haka, kuma ya shafe mu.

An haifi Fela a Abekuta a 1938. Ya tafi Landan a 1958 ya karanci kiɗa, ya je Amurka a 1969 inda ya ga gwagwarmayar baƙar fata, ya komo gida ya canja waƙa. Ya bar Turancin 'yan boko ya kama Buroka, domin ɗan dako da direba su ji abin da yake faɗi. Abin da yake faɗin kuwa shi ne rashin ruwa da wuta, da cunkoson mota, da cin hanci, da dukan da masu kaki ke yi wa talaka. A kan faifansa mai suna Zombie, wanda ya yi wa soja ba'a, ya gamu da fushin hukuma. Lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Ikko daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, Fela ya ƙi shiga, ya riƙa yin nasa wasan a tsohon gidan rawarsa, baƙin gwamnati kuma suna zuwa kallonsa da dare. Kwana shida da rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairu, sojoji wajen 1,000 suka kewaye gidansa da ke kan hanyar Agege Motor Road, suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa daga bene. Ta rasu a watan Afrilu 1978. Hukumar binciken da aka kafa ta ce sojan da ba a sani ba ne ya yi aikin.

Ita wannan tsohuwa, Funmilayo Ransome-Kuti, ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce ta ja matan Abekuta suka yi bore a kan haraji har Sarkin garin, Alake, ya sauka daga gado na ɗan lokaci a 1949. Kuma wurinta Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta taso tun daga Zariya ta zo domin ta koyi yadda ake haɗa kan mata. Shi ma Fela ya kafa jam'iyya domin zaɓen 1979, zaɓen da Malam Aminu Kano ya tsaya a PRP, amma hukumar zaɓe ta ƙi yi mata rajista. A 1984 aka ɗaure shi bisa zargin fita da kuɗin ƙasashen waje, ya yi wata 20 kafin a sake shi a 1986. Ya mutu ranar 2 ga Agusta 1997, kuma wansa Farfesa Olikoye, tsohon Ministan Lafiya, shi ya fito ya shaida wa duniya cewa ciwon ƙanjamau ne ya kashe shi.

Ba na ce a yi koyi da rayuwarsa ba. Mutumin da ya auri mata 27 rana ɗaya a 1978, wanda kuma bai ɓoye shan wiwinsa ba, ba abin koyi ba ne ga ɗan Musulmi. A titin ma a daren nan akwai hayaƙi da giya, kuma duk uban da ɗansa ya ce zai je ya kamata ya san haka. Amma kukan da ya yi a kan wanda ake rushe wa rumfa, ake ƙwace wa kayan sana'a, ake tare shi a hanya a ce ya kawo na goro, ai kukanmu ne mu da muka bar gida muka zo neman abinci.

Wanda ya yi niyyar zuwa, ga shawara. Kada ya tafi shi kaɗai, kuma su yanke wurin da za su haɗu in cunkoso ya raba su. Ya bar babbar riga a gida, kuɗi da waya su zauna a aljihun gaba, gama duk inda taro ya cika ba a rasa masu dogon hannu. Ya tuna Oktoba ruwan sama bai ɗauke ba a Ikko. Ya kuma tuna tun watan Yuni 2022 gwamnati ta hana acaba a Ikeja, saboda haka wanda ya fito ƙarfe uku na dare zai sha tafiyar ƙasa. Gara ya haƙura gari ya waye. Kowa ya kwana lafiya shi ya so.

Wajen ƙarfe biyar da kwata, ana tsakiyar busa, mai shayin nan ya duba agogo ya ce, Malam, lokaci ya yi. Ya ɗauko buta daga ƙarƙashin tebur, muka zagaya bayan wata mota, ya shimfiɗa kwali. Kafin mu tayar, mai tsire da wani maigadi sun zo sun shiga sahu. Da muka sallame ya zuba mini shayi, ya ce in ƙara masa labarin tsohuwar nan da Hajiya Gambo ta zo wurinta. Muna cikin hirar rana ta fito, masu shara suka soma aikinsu, ni kuwa na nemi motar Agege. Allah Ya ba kowa sa'ar abin da ya fito nema, amin.