Daga PubMed Zuwa Cochrane: Shafuka Da Manhajojin Da Likitoci Ke Tantance Magani Da Su

A watan Agustan 2014, bayan ɓullar cutar Ebola a Legas, wani saƙo ya zagaya wayoyin 'yan Najeriya cikin dare ɗaya, yana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa sun tashi da asuba sun aikata, wasu suka kwanta a asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu. Wayar da ta yaɗa wannan saƙon ita ce dai ke iya buɗe rumbunan binciken da likitoci ke dubawa kafin su rubuta magani, kuma da yawa daga cikinsu kyauta ne.

Tsarin da waɗannan rumbunan ke yi wa hidima shi ne aikin likita bisa hujja. Gordon Guyatt na Jami'ar McMaster da ke Kanada ne ya raɗa masa suna a farkon shekarun 1990. Ma'anarsa likita ya haɗa abu uku kafin ya yanke shawara: mafi ingancin binciken da ake da shi, gogewarsa a aiki, da halin da marar lafiya yake ciki tare da abin da yake so.

Me ya sa hujja ke da muhimmanci?

Shekaru masu yawa allurar kwinin ce maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 2010 mujallar The Lancet ta buga sakamakon gwajin AQUAMAT, wanda aka yi kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, ciki har da Najeriya da Ghana. An raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ɓangare ɗaya aka ba su kwinin, ɗaya kuma artesunate. Kashi 10.9 cikin 100 na masu kwinin suka rasu, a ɓangaren artesunate kuwa kashi 8.5. Likita ɗaya a asibiti ɗaya ba zai iya hango wannan bambancin da idonsa ba, sai an tara dubban marasa lafiya an ƙirga. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta ta sa artesunate a gaba. Ma'aikacin lafiyar da wannan labarin bai iso masa ba zai ci gaba da tsohon magani da kyakkyawar niyya, yara kuma su biya farashin.

PubMed: inda ake fara nema

PubMed mallakar Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ne, kuma tun 1997 kowa ke shigarsa kyauta. Yana ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 35, ba ya buƙatar rajista, kuma da yake yawancinsa rubutu ne ba ya cin data sosai. Abin da ya fi bayarwa shi ne taƙaitaccen bayanin kowane bincike. Cikakkun maƙalu na kyauta suna rumbun PubMed Central, wanda aka buɗe a 2000.

Matsalar sabon shiga ita ce yawan sakamako. Wanda ya rubuta sunan cuta kaɗai zai ga dubban maƙalu. Dabarar masu aiki da shi ita ce su gina tambaya mai ƙafa huɗu: wane irin marar lafiya, wane magani, idan aka kwatanta da me, kuma wane sakamako ake nema. Bayan haka sai a shiga wajen tacewa a zaɓi Systematic Review ko Randomized Controlled Trial, a ƙara da Free full text domin a ga waɗanda za a iya karantawa ba tare da biya ba.

Wannan tacewar tana da dalili. Hujjoji hawa-hawa ne. Ra'ayin masani da labarin marar lafiya guda suna ƙasa, gwajin da aka raba mutane ta ƙuri'a yana sama da su, sai bitar da ta tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi kan tambaya ɗaya ta auna su tare.

Cochrane: masu tattara gwaje-gwaje

Irin wannan bitar ita ce sana'ar Cochrane, ƙungiyar da aka kafa a birnin Oxford na Ingila a 1993, aka sa mata sunan likitan Sikotland Archie Cochrane. Tambarinta kansa darasi ne. Layukan da ke cikinsa suna wakiltar gwaje-gwaje bakwai kan allurar sitiroyid da ake yi wa mai cikin da za ta haifi bakwaini. An buga na farko tun 1972, amma da yake yawancinsu ƙanana ne, ba su gamsar da likitoci ba. Sai da aka haɗa su wuri guda aka ga a fili cewa allurar tana rage mutuwar jariran.

Kowace bitar Cochrane tana zuwa da taƙaitawa cikin sauƙaƙan kalmomi wadda ake karantawa kyauta, kuma nan ya fi dacewa wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya fara. Reshen ƙungiyar na Najeriya yana Kalaba.

Manhajojin da ke aljihun ma'aikatan lafiya

A bakin gadon marar lafiya babu lokacin karanta maƙala, shi ya sa ake da manhajojin da suka riga suka taƙaita hujja. UpToDate ta fi shahara, sai dai ta kuɗi ce mai tsada, ko da yake shirin Better Evidence yana ba ma'aikatan lafiyar da suka cancanta a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar shiga kyauta. Medscape kyauta ce bayan rajista, kuma tana da wajen duba ko magunguna biyu suna karo da juna. MDCalc tana lissafa abubuwa kamar ƙarfin aikin ƙoda daga sakamakon gwajin jini.

Ga wanda ke aiki a karkara inda sabis ke ɗaukewa, manhajar MSF Medical Guidelines ta ƙungiyar likitocin Médecins Sans Frontières tana aiki ba tare da intanet ba da zarar an sauke ta. Akwai ta da Turanci da Faransanci, abin da ke taimaka wa ma'aikata a Nijar, Chadi da Kamaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da littafin AWaRe a 2022, wanda ke nuna lokacin da ya kamata a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da lokacin da bai kamata ba.

Ɗaliban likitanci da na jinya suna da wata ƙofar da yawancinsu ba su sani ba. Shirin Hinari, wanda hukumar ta fara a 2002 kuma yanzu yake ƙarƙashin Research4Life, yana buɗe dubban mujallu ga cibiyoyin ƙasashe masu tasowa kyauta ko kan kuɗi kaɗan. Makaranta ko asibiti ne ke yin rajista, don haka wurin tambaya shi ne ɗakin karatu. Binciken da aka yi a Afirka kuwa, shafin AJOL ya tara mujallun nahiyar masu yawa.

Inda ake zamewa

Ganin maƙala a PubMed ba shaida ba ce cewa abin da ke cikinta gaskiya ne. A 2020 The Lancet ta janye wani babban bincike kan hydroxychloroquine da COVID-19 bayan an kasa tabbatar da alƙaluman da aka gina shi a kansu. PubMed yana liƙa wa irin waɗannan alamar janyewa, kuma ya kamata a duba ta tare da shekarar bugawa, yawan mutanen da aka gwada, da ko a kan mutane aka yi gwajin ko a kan ɓeraye.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT sun ƙaro wani tarkon. Suna iya kawo sunan maƙala da marubuta da shekara, alhali babu maƙalar sam. Gwajin mai sauƙi ne: a kwafi taken a liƙa shi a PubMed, ko a nemi lambar PMID ta maƙalar. Idan ba ta fito ba, kada a kafa hujja da ita.

Duk waɗannan kayan aiki ba sa mayar da mai waya likita. Bincike yana magana ne kan dubban mutane, shi kuwa likita yana duba mutum ɗaya da shekarunsa, nauyinsa da sauran cututtukan da ke jikinsa. Amfaninsu ga matashi shi ne ya tantance saƙon magani kafin ya tura wa iyaye da 'yan uwa, kuma ya shiga asibiti da tambaya mai ma'ana a bakinsa. Wanda zai gwada yau ya buɗe shafin Cochrane, ya rubuta sunan wani magani da aka taɓa turo masa a WhatsApp, ya karanta taƙaitawar kafin ya latsa turawa.